Gwarzon Roba a Dilar Gwanjo: Amsar Wasiƙun Masu Tara Kayan Wasan Katun

Assalamu alaikum. Tun da muka taɓo zancen katun ɗin shekarun 1980 a wannan fili, wasiƙu suke ta shigowa, kuma yawancinsu ba a kan katun ɗin kansa ba ne. A kan 'yan mutum-mutumin roba da aka yi na jarumansa ne: su He-Man, Voltron, G.I. Joe da Transformers. Ashe muna da yawa, kowa dai ya ɓuya a ɗakinsa ne. Na taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, na kuma cire sunaye kamar yadda wasu suka roƙa.

Tambaya: Malam, na shiga Kasuwar Ƙofar Wambai neman rigar sanyi, sai na tarar an fasa dilar kayan wasan yara. Na ɗauki wani murɗaɗɗen mutum na roba mai gashi ruwan ɗorawa, ba riga, sai ɗan kamfai mai kama da fatar dabba. A gadon bayansa an rubuta Mattel, 1981, Taiwan. Ƙanina ya ce a intanet ana sayar da irinsa miliyoyi. Na tsinci dami a kala ke nan? *Daga wani tela a Kano.*

Amsa: Maigida, ka yi tsintuwa mai kyau, amma kar ka ajiye keken ɗinki tukuna. He-Man ne a hannunka, kuma bisa yadda ka kwatanta, na asali ne. Shekarar 1981 da ka gani ta rajistar siffar ce. Kamfanin Mattel bai fito da shi kasuwa ba sai 1982, kuma ya ci gaba da buga wannan shekarar a bayan waɗanda aka yi daga baya. Ka ɗan matsa kansa da yatsa biyu: na farko-farko kansu mai taushi ne, yana lotsawa ya dawo. Ka murɗa ƙugunsa gefe ka saki, ya kamata ya dawo da kansa da ƙarfi kamar mai kai naushi, domin akwai sifirin a ciki. Hannuwansa a kafaɗa kawai suke motsi. In ka ga gwiwar hannu da ta ƙafa suna lanƙwasawa, to sabon yayi ne, irin wanda ake kira Origins, da aka fara a 2020.

Inda gizo ke saƙa shi ne, ba tsufa ke sa wa waɗannan kaya tsada ba. Miliyoyinsu aka buga, a masana'antun Taiwan da Hong Kong da Malesiya da Meziko da Faransa, har da kamfanonin da suka karɓi lasisi a Indiya da Barazil da Ajantina. Gangar jikin He-Man ba ta ɓata, ko mota ta taka ta da wuya ta fashe. Abin da ya ɓata shi ne ƙananan kayan da ya zo da su: takobi, gatari, garkuwa, ɗamarar ƙirji mai jan tambari, da ɗan littafin labari mai zane da ake sakawa a cikin kwalin. Waɗannan yara suka binne a ƙasa, tsintsiya ta kwashe, kare ya tauna. Kwalin kuwa tun ranar da aka sayo aka yaga shi. To duk abin da yaro ya saba yarwa, shi ne yau yake da kuɗi. Naka da ya zo tsirara, a kasuwar masu tarawa gomomin dala ake maganarsa, ba dubbai ba. Da ya zo da kayansa cif, da ya ninka. Wanda ba a taɓa ɓare shi daga kwalinsa ba, wannan ne ake kai wa kamfanoni irin su AFA su duba, su ba shi maki cikin ɗari, su rufe shi a akwatin gilashin roba, kuma shi ne yake kai dubban daloli.

Labarin miliyoyin da ƙaninka ya ji gaskiya ne, amma ba na He-Man ba ne. Bari in ba ka shi daga tushe. Kafin fim ɗin Star Wars ya fito a 1977, manyan kamfanonin kayan wasa ba su ga abin so a cikinsa ba, sai wani matsakaicin kamfani mai suna Kenner a birnin Cincinnati ya karɓi lasisin. Fim ya karɓu fiye da zaton kowa, Kirsimeti ya ƙarato, Kenner ba shi da ko mutum-mutumi ɗaya a ƙasa. Sai suka sayar wa iyaye kwali da takardar alkawari a ciki: ka cike ka aika, in an gama ƙerawa a aiko maka da guda huɗu ta gidan waya. Haka aka yi, kuma daga 1978 zuwa 1985 sun sayar da kimanin miliyan 300. A cikin jerin akwai wani mafarauci mai suna Boba Fett, wanda aka tsara a 1979 da roka a bayansa mai harbuwa. Kafin a fitar da shi wani yaro ya rasu bayan ɗan harsashin roba na wani abin wasa daban ya shaƙe shi, sai aka liƙe rokar da gam, aka fasa mai harbin. Samfuran gwaji ƙalilan ne suka tsira a hannun ma'aikata. Ɗaya daga cikinsu aka sayar dala 525,000 a watan Mayun 2024, wani kuma ya haura dala miliyan 1.3 a watan Agustan 2024. Ka ga wannan bai taɓa shiga kanti ba, balle ya shiga dila ya iso Wambai.

In kana son sanin kuɗin abu, kar ka duba abin da mai kaya ya yanka a shafin cinikin intanet na eBay, kowa na iya yanka abin da ya ga dama. Ka duba sashen da ke nuna waɗanda aka riga aka sayar da kuɗin da aka biya. Ni da ni ne, gobe da sassafe zan koma wurin mai dilar in roƙe shi ya bar ni in tona gindin buhun. A nan ƙananan makamai suke taruwa, kuma masu gwanjo shara suke ɗaukarsu.

Tambaya: Ranka ya daɗe, muna gardama a ɗakin malamai. Ni na ce katun ake fara yi, in ya karɓu sai a yi kayan wasansa. Abokin aikina ya ce a'a, kayan wasan ne gaba. Wa ya yi daidai? *Daga wani malamin firamare a Zariya.*

Amsa: Malam, ka saya wa abokin aikinka lemo, domin a mafi yawan waɗanda muka taso da su shi ne da gaskiya. He-Man ya shekara a kantuna kafin kamfanin Filmation ya fara nuna katun ɗinsa a 1983. G.I. Joe ya girmi nasa da nisa: Hasbro ya fito da shi tun 1964 a matsayin soja mai tsawon inci 12, sannan a 1982 aka dawo da shi ƙarami, ƙasa da inci huɗu, saboda an ga yadda ƙananan na Star Wars suke tafiya, kuma ƙaramin soja ana iya yi masa tanka da jirgi a sayar daban. Transformers kuwa, mutum-mutumin da ke rikiɗa su zama motoci da wasu na'urori, asalinsu kayan wasan Japan ne na kamfanin Takara, jeri biyu masu suna Diaclone da Micro Change, waɗanda ba su da alaƙa da labarin da muka sani. Hasbro ya sayi izininsu, ya ba marubutan kamfanin Marvel su raɗa musu sunaye su ƙirƙiro musu gaba da juna, aka fito da su a 1984. Shi ya sa girmansu bai taɓa daidaita ba. Optimus Prime babbar mota ce, abokin gabarsa Megatron kuwa ƙaramar bindigar hannu ce ƙirar Walther P38, Soundwave kuma rakoda ce mai cin kaset. (Mai Megatron na asali, don Allah kar ya yi gangancin sa shi a aljihu ya bi ta shingen jami'an tsaro. Ba za a tsaya jin tarihin Takara ba.)

Abin da ya buɗe wannan ƙofa siyasar Amurka ce. Kafin lokacin, hukumar sadarwarsu, FCC, tana sa ido kan shirin yara da ya zama talla a fakaice. Tun a 1969 an kai ƙarar wani katun na motocin Hot Wheels gabanta kan haka. Da Ronald Reagan ya hau mulki a 1981, ya naɗa Mark Fowler shugaban hukumar, mutumin da ya yi imani a bar kasuwa ta yi halinta, kuma zuwa 1984 an sassauta ƙa'idojin. Sai kamfanoni suka gano cewa maimakon su sayi tallar rabin minti, gara su yi shirin rabin awa. He-Man kashi 65 aka fara yi masa, don a nuna kullum Litinin zuwa Juma'a har mako 13, daga baya aka cika 130. Wannan ɗan wa'azin da ake yi a ƙarshen kowane kashi, a ce wa yara kar su yi ƙarya ko kar su bi baƙo, yana cikin abin da aka kare kai da shi daga masu sukar cewa shirin talla ne zalla. Ƙungiyoyin iyaye ba su yi shiru ba, musamman wadda Peggy Charren ta jagoranta, har aka yi dokar 1990 da ta ƙayyade tallar cikin shirin yara: minti 12 a awa a ranakun aiki, 10 da rabi a ƙarshen mako.

In ka san wannan, sai abubuwa da yawa su faɗa wurinsu. Me ya sa kowane mako sabon jarumi yake ɓullowa daga ko'ina? Domin ya iso kanti. Me ya sa aka kashe Optimus Prime a fim ɗin 1986, yara suka fito silima suna kuka? Domin an gama sayar da shi, ana son a share wa sababbi wuri. Da iyaye suka yi ca da wasiƙu, dole aka dawo da shi a talabijin a 1987.

Ɓangaren da ya fi ba ni dariya shi ne tsumulmular Mattel. Damisar da He-Man yake hawa, Battle Cat, tsohuwar damisa ce daga wani jerin kayansu mai suna Big Jim. Ta yi wa He-Man girma, sai aka shafa mata koren fenti aka ɗora mata sirdi, ta zama abin hawa. Aka sake ɗauko ta, aka lulluɓe da gashi launin shunayya, aka ba Skeletor, abokin gabar He-Man. Aka ɗauki Beast Man aka manna masa koren gashi da ƙamshin itace, ya zama Moss Man. Aka ɗauki Mer-Man aka yi masa baƙi da fari, aka cuɗa robarsa da wani turare mai ƙarfi da ake kira patchouli, ya zama Stinkor mai wari. Nawa har yau in na buɗe robar da yake ciki sai ɗakin ya ɗauka. Amma an cika kasuwa fiye da kima: cinikin jerin He-Man da ya kai dala miliyan 400 a 1986 ya faɗo zuwa miliyan 7 a 1987.

Ban ce duka ba ne. Kunkurun Ninja littafin zane ne da Kevin Eastman da Peter Laird suka buga da kuɗinsu a 1984, amma ko su ɗin kamfanin Playmates bai yarda ya ƙera su ba sai da aka shirya katun a ƙarshen 1987, kayan suka biyo a 1988. Sanin cewa talla aka yi mana bai rage mini son su ba ko kaɗan. Masu zanen da masu sassaƙa siffofin gwanaye ne, kuma aikin gwani ba ya ɓuya ko da ɗan kasuwa ne ya sa shi.

Tambaya: Malam, maigidana yana da zakunan Voltron guda biyar na ƙarfe, mahaifinsa ya sayo masa daga waje tun yana yaro. Yanzu ɗanmu mai wata goma sha ɗaya yana haƙori, ya samu jan zakin yana ta gurgura. Akwai matsala? *Daga wata uwa a Kaduna.*

Amsa: Hajiya, ki karɓe shi yau, kar ki jira maigidan ya dawo. Wannan ba tsoratarwa ba ce. A 1986 hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Amurka da kamfanin Matchbox sun janye zakunan Voltron na ƙarfe sama da miliyan ɗaya daga kasuwa, waɗanda aka ƙera a Taiwan, saboda dalmar da ke cikin fentinsu ta wuce ƙa'ida. Na Japan ba su shiga janyewar ba. Ki juya zakin ki duba cikinsa ko ƙasan ƙafarsa ki ga wace ƙasa aka rubuta. Amma ko Japan kika gani, fenti mai shekara kusan arba'in ba abin sa wa jariri a baki ba ne, ga kuma ƙananan makamai da za su iya shaƙe shi. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ta fi yi wa ƙananan yara illa, a ƙwaƙwalwa take ɓarna, kuma sau da yawa ba ta nuna alama da wuri. In fentin ya ɓare a inda ya gurgura, ki kai shi asibiti ki gaya wa likita abin da ya faru, a duba ko akwai buƙatar gwajin jini.

Shi kuma maigidan a gaya masa yana da abu mai daraja. Voltron, wanda yawancinmu a NTA muka san shi, asalinsa katun ɗin Japan ne mai suna GoLion na 1981, aka sake masa murya da suna don Amurka a 1984. Cikakkun zakuna biyar, baƙi da ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, waɗanda har yanzu suke haɗuwa su tsaya, ba kowa ke da su ba. Ya nemi kabad mai makulli.

Tambaya: Yaya, ina da sojojin G.I. Joe da wasu Transformers a cikin akwati a saman silin. Na sauko da su na ga wasu sun yi danƙo, fararen sun koma ruwan ɗorawa, sojoji biyu kuma sun rabu gida biyu daga ƙugu. Sun tashi aiki ke nan? *Daga wani ɗalibi a Sakkwato.*

Amsa: Ƙanena, saman silin, a Sakkwato, ƙarƙashin kwano? Allah ya sa da sauransu. Yawancin shawarwarin da za ka gani a intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta, damuwarsu danshin ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Mu a nan zafi da rana ne abokan gabarmu, sai ƙurar hunturu.

Danƙon nan daga cikin robar yake fitowa. Sassa masu taushi, irin kai da hannu da alkyabba, ana cuɗa robarsu da wani sinadari mai maiƙo don ta yi laushi, kuma zafi yana tatso shi waje a hankali. Ka wanke da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, ka goge da tsohon buroshin haƙori mai laushi, ka shanya a inuwa. Zai iya dawowa bayan wani lokaci, sai ka sake. Kar fetur ko kananzir ko tina ko ruwan goge jan farce su kusance su, suna cinye fenti, wasu ma su narkar da robar. Masu sitika ko ƙarfe a jiki, irin Transformers, ba a tsoma su a ruwa, da ɗan tsumma mai laima ake bi a hankali. Wurin da aka yi wa ruwan azurfa kuwa ko goga shi kar ka yi, yana bin hannu.

Sojojin da suka rabu su ne mafi sauƙi, kuma gyaransu yana da daɗi. Juya sojan, a tsakiyar bayansa akwai rami, a can ciki akwai ɗan sukuru. Ka sa siririyar sukurdireba mai baki huɗu ka kwance a hankali. In ya yi tsatsa, ɗiga masa man keke ka bar shi ya kwana, kar ka tilasta, in kan sukurun ya cinye ka shiga uku. Ƙirjin zai buɗe gida biyu, kai da hannuwa su zubo, don haka a kan faranti za ka yi aikin. Za ka ga ƙafafun biyu suna rataye a jikin wata 'yar ƙugiyar ƙarfe, da guntayen wani baƙin zoben roba da ya bushe ya tsinke. Wannan zoben shi ke riƙe da sojan gaba ɗaya. Ka kai guntun wurin masu kayan famfo ko masu kayan gyaran injin, ka nemi mai girmansa. Ka maƙala sabon a ƙugiyar, ka zaro shi ta cikin ƙugun, ka rataya a sandar da ke cikin ƙirji, ka mayar da kai da hannuwa, ka rufe. In zoben ya yi ƙanƙanta zai ja da ƙarfi har ya fasa ƙugun, gara mai ɗan sassauci. Kana cikin aikin ka duba hannun: in damtsen ba ya juyawa, sai gwiwar hannu kawai, na 1982 ne, domin daga 1983 aka ƙara wannan gaɓar. Kuma kar ka cusa musu bindiga da ƙarfi, babban yatsansu ya tsufa, karyewa yake.

Launin ɗorawar nan rana da zafi ne suka jawo shi. Akwai masu jiƙa abin a ruwan haidurojin na wanke ciwo su ajiye a rana har ya yi fari. Yana yi, amma sau da yawa launin yana dawowa, wani lokaci fentin ya koɗe ko robar ta yi rauni. Ni ba na yi. Tsohon abu ya nuna tsufansa ba laifi ba ne.

Wurin ajiya: ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga, kusa da ƙasa. Kowane ɗaya da ledarsa, makamansa a wata ledar daban, domin roba mai taushi in ta daɗe manne da mai tauri tana narka mata jiki ta bar tabo. Da damina ka jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Duk mai batir a cire masa batir.

Tambaya: Ta yaya zan bambance na asali da jabu? Wani a Instagram yana tallar Optimus Prime na 1984 sabo fil a kwalinsa, da araha. *Daga wani ma'aikacin banki a Abuja.*

Amsa: Sabo fil, na 1984, kuma da araha: ukun nan ba sa haɗuwa. An daɗe ana buga jabun Transformers na farko a Sin, har da kwali da takardar sitika, kuma wasu sun yi kyau ƙwarai. Ban da su akwai waɗanda Hasbro da Takara da kansu suka sake bugawa daga baya. Waɗannan halal ne, amma ba na 1984 ba ne, kuma bai kamata a saya da kuɗin na 1984 ba. Ka ce ya turo hoton hatimin da ke jikin robar a kusa, da hoton kwalin ta kowane ɓangare. A jabu rubutun hatimi yakan yi dishi-dishi, launin kwali ya yi kauri fiye da kima, gaɓoɓi su yi sako-sako ko su ƙage. In ya fara hanya-hanya, ka riƙe kuɗinka.

A makamai aka fi cutar mutane, tunda su ne masu tsada kuma su ne masu sauƙin kwaikwaya. Da can masu tara Star Wars suna jefa bindiga a kofin ruwa, ta asali ta taso, jabu ta nutse. Masu jabun sun gano, yanzu nasu ma yana tasowa.

Kar kuma ka ga baƙon suna ka ce jabu ne. Palitoy a Ingila, Lili Ledy a Meziko, Funskool a Indiya, Estrela a Barazil, duk da izini suka yi. Dilolin da ke zuwa daga Ingila za ka riƙa ganin Action Man a cikinsu, shi ne G.I. Joe na can tun 1966. Wani abin mamakin, akwai jabun da ya fi na asali tsada. A ƙarshen shekarun 1980 an buga wasu na Star Wars a Turkiyya da sunan Uzay, ba izinin kowa. A hoton kwalin ɗaya daga cikinsu, sojan yana tsaye gaban na'urar sarrafa makami, in ka duba da kyau kalkuleta ce. Yau masu tarawa rububinsu suke yi.

Tambaya: Malam, uwargida ta ce ƙato da ni ina wasa da 'yar tsana, surukata kuma ta ce mala'iku ba sa shiga gidan. Na rasa bakin magana. *Daga wani direba a Maraɗi.*

Amsa: Maganar uwargida mai sauƙi ce. Ka nuna mata shogilas ɗinta, ka tambaye ta yaushe rabon da a ci abinci a tangaran ɗin da ke ciki. Kowa da abin da yake jerawa ya kalla ya ji daɗi. Sai dai in kuɗin cefane ne yake tafiya can, to ita ce da gaskiya, ni ma ina bayanta.

Maganar surukarka kuwa ba ta wasa ba ce, kuma ni ba malami ba ne. Hadisin da take nufi ingantacce ne, kan gidan da ke da kare ko sura. Haka kuma ya inganta cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har akwai ruwayar doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta. A kan wannan ne malamai da yawa suka yi rangwame ga kayan wasan yara. Babba ya tara ya jera don ado kuwa wata mas'ala ce daban, kuma da yawa sun tsananta a kanta. Ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa, ka faɗa masa yadda abin yake ba ragi. Na san waɗanda suke ajiye nasu a rufe cikin akwati, na san kuma waɗanda suka koma tara motoci da jirage kawai, suka bar Transformers ɗinsu a siffar mota.

Tambaya: Baba, 'yata ta tambaye ni me ya sa duk jaruman da na tara farare ne. Babu baƙi ko ɗaya a wancan zamanin? *Daga wani mai karatu a Kumasi.*

Amsa: Akwai, sai dai ba yawa. Hasbro ya yi baƙin soja tun 1965. A ƙananan G.I. Joe akwai Stalker a jerin farko na 1982, da Roadblock a 1984. Kenner ya yi Lando na Star Wars. Jerin He-Man kuwa sai a 1987, yana gab da mutuwa, aka saka Clamp Champ, shi ya sa samunsa yake da wuya.

Amma wanda za ka ba 'yarka labarinsa shi ne Sun-Man. Wata Ba'amurkiya baƙar fata, Yla Eason, ta ji ɗanta mai shekara uku yana cewa shi ba zai iya zama gwarzo irin He-Man ba saboda shi baƙi ne. Ta zaga kantuna ba ta samu abin da za ta nuna masa ba, sai ta kafa kamfaninta, Olmec Toys, a 1985, ta ƙera gwarzo mai girman He-Man, wanda a labarinsa baƙar fatarsa ce take zuƙo ƙarfi daga rana. Ta ƙara masa abokai daga jinsuna daban-daban, da abokin gaba mai kan alade. Kamfanin ƙarami ne, bai buga da yawa ba, don haka na asalin yana da tsada yanzu kuma da wuya ka gamu da shi a gwanjo. A 2021 Mattel ya ƙulla yarjejeniya da ita ya shigar da Sun-Man cikin jerin Origins. Wannan sabon shi ne mai sauƙin samu, kuɗinsa bai kai na tsohon ba, kuma shi za ka iya miƙa wa yarinya ta yi wasa da shi ba fargabar fenti. In kana da mai zuwa daga Ingila ko Amurka, ka ba shi saƙo ya taho da shi a jaka, domin kuɗin aikowa da na kwastan sukan fi kuɗin abin kansa.